Shekarar da Malam Ya Ƙirga Ƙofofi

Bazarar bana ta zo wa Jalingo da irin zafin da ke sa mutum ya tashi daga barcin rana da gishiri a fatarsa, ta kuma zo da sanƙarau. Allurar rigakafin da aka aiko mana ba za ta ishi kowa ba, kuma da yake ni jami'in ilimi ne, an sa ni cikin kwamitin da zai tsara waɗanda za a fara yi wa. Tun kafin zamanmu na farko 'yan takardu suka fara isowa teburina daga manyan gari, kowacce da kyakkyawar gaisuwa a sama da sunayen 'ya'ya da jikoki a ƙasa. Ina cikin karanta ta uku na ji yatsuna sun hau kuncina suna bin ramukan zanzana, kamar yadda suka saba duk lokacin da na rasa abin cewa. Shekaruna hamsin, arba'in daga cikinsu da waɗannan ramuka na yi su, kuma na same su ne a wata bazara irin wannan, lokacin da ya rage saura 'yan shekaru Turawa su tafi.

Mahaifina, Malam Iliyasu, shi ne malamin lamba na En'e, wato mai yi wa mutane rigakafin agana. Iyayensa maɗinka ne da suka zo daga Zariya suka zauna a unguwar Sarkin Dawaki, inda ya auri mahaifiyata, Bafulatanar gari. Ni ne ɗansu na fari, don haka, bisa al'ada, ana yaye ni aka kai ni Sunkani wurin kakata ta wajen uwa, ban dawo gidanmu ba sai da na isa shiga elementare. Kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Inna ba ta kiran sunana, «kai yaro» take cewa, ko ta yi wa bango magana ni kuma in gane da ni take. Malam kuwa idan na durƙusa gaishe shi, wani wuri can sama da kaina yake kallo ya amsa.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ta ɗauke da wuri, dawa ta tsaya tana ƙoƙarin fitar da kai har ta bushe a tsaye. Kafin zafi ya kankama rumbunmu ya sauka har sai Inna ta shiga ciki kafin ta ɗebo. Muka koma tuwo sau ɗaya a yini, da safe kunun tsamiya tsararo wanda kana sha kana ganin gindin ƙwarya. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, aka koma tonon yashin kogin Mayo Gwoi, mata suna durƙushe a bakin ramuka suna jiran ruwa ya tsattsafo. Da hantsi ƙasa kan yi zafin da ko kaji ba sa yarda su taka ta. A cikin wannan hali ne cutar agana ta shigo, ta hanyar Iware in ji mutane. Ba a kiran sunanta, sai a ce «'yan rani sun sauka a gidan wane», a rage murya. Aka rufe makarantarmu, aka kafa bukkokin zana a bayan gari don masu ciwo, kuma idan iska ta juyo daga can da yamma kowa ya san warin, ba kuma wanda ke cewa komai.

A shekarun baya gudun Malam ake yi. Yana shiga ƙauye za a tura yara cikin gero, wanda aka kama kuma aka yi masa, uwarsa ta goge wurin da lemun tsami don kada lambar ta kama. Wannan shekara abin ya juye, mutane suka riƙa zuwa ƙofar gidanmu da kansu suna tambaya ko magani ya iso.

Ya iso a motar Yola, ɗan kaɗan, a cikin 'yan kwalabe sirara kamar tsinken tsintsiya. Malam ya ce bai isa unguwa biyu ba, kuma ba a san ranar da wani zai zo ba. Abin da ya fi damunsa shi ne maganin ba ya jure zafi: kowace rana ƙarfinsa raguwa yake yi, wanda aka yi wa a ranar farko ya fi na ranar biyar samun tabbas. Ya zuba jiƙaƙƙen yashi a cikin tulu, ya binne kwalaben, ya naɗe tulun da buhu, ya ajiye a kusurwar ɗakin Inna inda rana ba ta kaiwa. Tare da maganin an aiko da takarda daga ofis mai tsara yadda za a yi rabon: ma'aikata da 'yan doka da farko, sannan gidajen manya, sannan abin da ya saura. Ba wanda ya ga laifin wannan tsari, domin haka ake raba komai a garin.

Da asubar ranar da zai fara aiki ina wanke fuska ba riga, ya zo wucewa da butarsa, sai ya tsaya.

«Kai, ɗaga hannunka.»

Na ɗaga.

«Ɗayan.»

Na ɗaga ɗayan. Ya daɗe yana kallon damtsena biyu, waɗanda babu ko ƙwarzane a kansu. Duk lokacin da masu lamba suka je Sunkani, kakata a cikin rumbu take ɓoye ni. Shi kuma mutumin da ya duba damtsen yaran ƙasar Muri da yawa bai taɓa duba na ɗansa ba, saboda kunya ba ta bar shi ya kalle ni ba. Sai ya wuce masallaci. Da ya dawo sai ya ce wa Inna daga yau kada in taka ko zaure.

A gindin durumin ƙofar gidanmu ya shimfiɗa tabarmarsa, ni kuma na sami wata kafa a jikin zana ina leƙe. Taro ya cika wurin. Malam ya yi wa 'yan doka huɗu da ke gadin bukkokin bayan gari, sannan ya ninke takardar ofis ya sa a aljihu, ya ɗaga kai ya kira wata da ke tsaye can baya da ƙwarya a ka. Dija ce, Bafulatanar ruga da ke kawo mana nono.

«Dija, gida nawa kike shiga a yini?»

«Malam, ni ban iya ƙirgan Hausa ba.»

«Ƙirga da naku.»

Ta sauke ƙwarya, ta fara lanƙwasa yatsu, go'o, ɗiɗi, tati, tana ambaton gidajen da sunan matan cikinsu. Ta gama yatsun hannu, ta koma ta sake, tana neman shiga zagaye na uku ya ce ya isa, ta miƙo hannu.

«To ba wannan ba,» in ji ta, «da shi nake tallabe ƙwarya. Ka ɓata wancan.»

Aka yi dariya, dariyar farko da na ji a unguwar cikin makonni. Ya ƙona bakin 'yar askarsa a wuta, ya ɗiga maganin, ya yi 'yan tsage uku, ya ce ta zauna a inuwa har ya bushe, kuma idan ya ji labarin lemun tsami ya taɓa wurin, shi da ita ne. Bayanta ya kira wata Bamumuyiya mai itace da ake ce wa Talatu, ya yi mata tambayar nan.

«Ni kowane gida yana shiga, Malam. Wanda yana dafa tuwo, ni yana shiga. Har naka.»

Ita ma ya yi mata. Haka ya bi su: 'yan ga-ruwa, 'yan mata masu tallar ƙosai da dakuwa, ungozoma, masu wankan gawa waɗanda ba su taɓa yin cutar ba, da wanzamin unguwa, wanda ya runtse ido yana cewa, «Yau kai ne wanzamin, Malam, ka yi mini a hankali, ni ban saba zama ta wannan gefen ba.» Kowa tambaya ɗaya ce, gida nawa. Mai ƙofa ashirin ya riga mai biyar, mai biyar ya riga mai ɗaya. Masu manyan riguna da suka zo tun safe suka ga rana tana yi ana ta kiran masu tulu da ƙwarya, suka fara zamewa ɗaya ɗaya.

Washegari da hantsi Jauro Buba, mai unguwarmu, ya zo da kansa, dogon tsoho mai sanda wanda ba ya ɗaga murya. Malam ya tashi ya durƙusa.

«Malam Iliyasu, ko naman layya ake rabo, an san gidan da ake fara kaiwa. Jiya an yi wa mai itace, iyalina suna zaune.»

«Barkama, ranka ya daɗe, iyalinka gida nawa suke shiga a yini?»

«Subhanallahi! Matana ba sa fita, ka sani.»

«To ita wannan cuta ba ta san hanyar gidanka ba sai an raka ta. Masu raka ta su ne waɗannan, mai nono da mai ruwa da mai itace. Idan na tsare su, na tsare gidanka da gida ashirin bayansa. Idan na tsare gidanka kaɗai, maganin ya ƙare a bango ɗaya.»

«Takardar ofis fa?»

«Ni zan amsa ta.»

Jauro ya tona ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, «Magana ce mai daɗi. Amma kowa ya san mai rabo da gidansa yake farawa. Naka ɗan tun jiya da asuba ka yi masa, ko ba haka ba?»

Malam ya juya wajen zana, kamar ya san ina nan, ya ce in fito in tsaya a bakin zaure in tuɓe riga. Na tsaya a gaban jama'a da damtse biyu fes. Jauro ya matso ya duba ɗaya, ya duba ɗayan, ya dubi Malam kallon da har yau ban gama fassara shi ba, ko girmamawa ce ko tausayi. Bai ƙara magana a kan gidansa ba. Kafin azahar ya aika yaransa suka tattaro sauran 'yan ga-ruwan da ke tsoron aska, ya zauna a kan kujera yana kallo har aka yi musu.

Na daɗe ina juya wannan safiya a raina. Daga lokacin da aka nuna hannuna a bainar jama'a, Malam ya rufe wa kansa hanyar da zai yi mini a ɓoye, domin lamba idan ta kama tana tashi, kowa zai gani. Ban sani ba ko ya yi haka ne da gangan don ya ɗaure kansa, ko tambayar Jauro ce ta zo masa ba shiri.

Da la'asar Inna ta kai masa tuwo ɗakinsa. Maimakon ta ajiye ta fita kamar kullum, sai ta durƙusa a bakin ƙofa. Ina tsakar gida ina jinsu.

«Malam.»

«Na'am.»

«Hamidu fa?»

Sai da na waiga in ga wanda ake nufi. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban san haka take faɗinsa ba, da jan wasalin tsakiya irin na Fulani. 

«Gida ɗaya yake shiga,» Malam ya ce, murya ƙasa ƙasa. «Kwalbar ƙarshe tasa ce, na yi miki alkawari. Ki riƙe shi a ciki.»

Ta tashi ba ta ce to ba. Amma ita ce ta ci gaba da jiƙa buhun da ke naɗe da tulun, sau biyar a yini, bayan kowace salla, da ruwan da take ragewa daga na shanta. Ita ta yi cutar tun tana yarinya, tana da 'yan tabo a goshi, ba ta bukatar maganin. Tana tsaron abin da aka hana ɗanta ne don ya isa ga 'ya'yan wasu da ƙarfinsa. Bayan shekaru ta gaya mini cewa sau ɗaya ta buɗe tulun, ta ƙirga kwalaben da suka rage, ta mayar da yashi ta rufe.

Kwanakin suka yi ta tafiya iri ɗaya. Da safe Inna ta dama kunu, ta share tsakar gida, ta yayyafa ɗan ruwan wanke-wanke don ƙasa ta huce, ni kuma in zauna a inuwar rumbu da allona ina bin inuwar duk inda ta matsa. Malam ya gama da masu yawo, ya koma bin gidajen da cutar ta riga ta shiga yana yi wa waɗanda ba su kamu ba tukuna. Yakan dawo gab da magariba, leɓensa a fashe, ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusar ɗakin da nake kwana, domin nan ne ɗakin da ya fi kusa da zaure. Tabarmata tana ƙarƙashin wannan ƙusa.

A rana ta tara ya kira ni. Kwalba ɗaya ta rage. Ya riƙe damtsena, karo na farko da na san ya taɓa ni, ya ɗiga maganin, ya yi 'yan tsage uku. Muka jira kwana uku, huɗu, biyar. Wurin ya yi ɗan ja, ya bushe, ya warke sumul. Zafin kwana tara ya riga ya kashe maganin.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya zo mini da ciwon baya kamar an doke ni da taɓarya. Bayan kwana uku ƙurajen suka feso, daga fuska zuwa tafin hannu, har cikin bakina, haɗiyar miyau ta zama aiki. Inna ta ce ba za a kai ni bukkokin bayan gari ni kaɗai ba, ta ɗaure kayanta ta bi ni. Abin da nake tunawa gutsi-gutsi ne: ganyen ayaba da take shimfiɗa mini don tabarma tana manne wa fata, hasken rana yana ratso zana kamar allurai, kukan wata mata a bukkar da ke kusa wanda wata rana da hantsi ya tsaya. Idona na hagu ya rufe, kuma har yau bai dawo daidai ba.

Akwai wani abu kuma da nake tunawa sarai. A lokacin kasuwa ta watse, mutane sun kulle gidajensu, ba mai yarda ya doshi bayan gari. Amma kowace safiya sai in ji muryar Dija daga nesa tana kiran Inna da Fillanci, ta ajiye ƙwaryar kindirmo a kan wani dutse. Shi kaɗai ne abin da maƙogwarona ke karɓa. 'Yan ga-ruwa suka raba kwanaki a tsakaninsu suna cika randunan bukkokin duka, ba tamu kaɗai ba. Talatu takan jefar da damin itace ta ɗaga murya, «Yaron Malam yana nan?» Idan Inna ta ce yana nan, sai ta ce, «To ya zauna nan, kada ya tafi.» Dukansu lambarsu ta kama, ta tashi, ta bar tabo mai kyau. Su ne kaɗai suka iya ci gaba da yawo a garin ba tsoro, kuma da ƙafafunsu unguwarmu ta ci ta sha har cutar ta lafa. Gidan Jauro ba wanda ya kamu.

Ranar da aka yi ruwan farko ɓawon ƙurajena ya fara zuba. Na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne warin da muka zauna cikinsa, na ce wa Inna ina jin yunwa, ta juya baya don kada in ga fuskarta. Da yammar nan Malam ya zo ya tsuguna a bakin bukka, rigarsa sharkaf. Ya kalle ni sosai, ido cikin ido, sannan ya yi magana, da Inna yake amma ni yake kallo.

«Na ƙirga ƙofofin kowa a garin nan, ban ƙirga nawa ba. Ba wanda ya kai ni shiga gidajen masu ciwo, kuma kullum a kansa nake rataye rigata.»

Inna ta ce, «Allah ya riga ya tashe shi. Ka shigo daga ruwan.»

An kira shi ofis a kan takardar da ya ninke, ya je ya amsa, aka yi masa faɗa aka bar shi a kan aikinsa. Bai taɓa ba da labarin a matsayin abin alfahari ba har ya rasu.

Ni ne nake alfaharin, kuma na yi ƙoƙari in tabbatar ba na makauniyar soyayya ba ne. A jami'a na tarar da irin tunaninsa a cikin littattafai, da sunaye masu nauyi, shi kuwa iyakarsa elementare da 'yan watannin koyon aiki. Na kuma tambayi kaina ko adalci ne ya sa ya bar ni a ƙarshe, ko kunyar ɗan fari ce ta sa rigar adalci, domin da ni ɗa na uku ne wataƙila da ya yi mini a asubar farko ba wanda ya ji. Ban sami amsa ba. Abin da na sani shi ne a bisa ƙa'idarsa ma ya kamata in kasance a gaba, tunda ina kwana ƙarƙashin rigar mutumin da ya fi kowa ƙofofi. Ƙa'idar ba ta yi kuskure ba, mai ƙirgan ne ya tsallake gida ɗaya, kuma fuskata ce ta biya. Duk da haka idan na dubi madubi ba na jin an cuce ni.

A zaman kwamitinmu na tattara 'yan takardun nan na ninke na sa a aljihu. Likitan da ke cikinmu ya bayyana cewa sanƙarau ya fi bin cunkoson wurin kwana, don haka na ce mu tambayi kowane wuri mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya. Makarantun kwana suka hau sama, da gidan yari, da unguwannin da ake haya ɗaki ɗaki. Ɗana na fari, wanda ke jeka-ka-dawo kuma yake kwana shi kaɗai a ɗaki mai taga biyu, ya faɗo can ƙasa. Na sake bin lissafin sau biyu ina neman ƙofar da na tsallake, ban gan ta ba. Mahaifiyarsa ta kwana biyu tana gaishe ni a taƙaice.

Jiya da yamma, bayan na dawo daga zagayen makarantun da aka fara yi wa allurar, na biya ta Sarkin Dawaki. Inna tana nan a tsohon gidan, ta tsufa, tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata duk yadda aka yi, har da inda jikanta ya faɗo. Ba ta ɗago ba. Ta gama tsince abin da ke hannunta, ta yi wa bango magana kamar yadda ta saba.

«A gaya wa yaron nan ya je ya yi aikinsa. Amma in ya koma gida, ya tuɓe rigarsa a zaure.»

Na san sanƙarau ba ya bin tufafi, likita ya faɗa mana, ni ma na karanta. Da na isa gida na tsaya a zaure na tuɓe rigar, na rataye ta a can, sannan na shiga na kira ɗana da sunansa.